Raƙumin dawa a gonar wake

A shekarar 1996 raƙuman dawan Afirka ta Yamma 49 kacal suka rage, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Yau sun haura 600, kuma ba a cikin gandu mai shinge suka yaɗu ba. Tsakanin gonakin gero suke kiwo, gab da rumbuna da rijiyoyi.

Manomin da ya wayi gari ya tarar an kwashe masa wake, ko an miƙo wuya ta saman danga an tsinke mangwaronsa, ba wa'azi yake buƙata ba. Masana kare namun daji sun gane haka. Suna ɗaukar hoton kowane raƙumi dama da hagu, su gane shi ta zanen jikinsa, amma rabin aikinsu a cikin ƙauye yake: haƙa rijiyoyi, ba mata rancen jari, horar da matasa su zama masu yi wa baƙi jagora. Da mutanen gari suka fara cin moriyar dabbar, sai suka zama masu gadinta. A 2018 har an ɗebi raƙuman dawa takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru da dama ba a ga ko sawunsu ba.

A Maraɗin ne kuma Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, ya lura a 1983 cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara saiwarsu na raye. Manomi ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, ya rage sauran, ya kare shi daga awaki. Sassaben zamani ke nan, wanda ya maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kadada miliyan 5. Gawo, mai kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, shi ne kuma abincin raƙumin dawa da rani.

Irin wannan ƙwararre, mai zama a tabarmar mai gari, shi Yankari da fadamun Haɗeja da Nguru suke buƙata.

Sai dai aikin ba zai ɗore da kuɗin baƙi kaɗai ba. Harin Agustan 2020 da ya kashe mutum takwas a Kure ya kori masu yawon buɗe ido, jagorori suka rasa abin yi. Wajibi ne gwamnatoci su sa albashin ma'aikatan gandun daji, da man baburansu, cikin kasafin kuɗi na kowace shekara.