Tafiyar minti biyu a Orkney da filayen jirgin samanmu da ke jiran jirgi

A can arewacin Sikotland, a tsibiran Orkney, akwai ƙananan filayen jirgin sama guda biyu, ɗaya a Westray, ɗayan a Papa Westray. Tsakaninsu kilomita 2.7 ne kacal. A jadawali tafiyar ba ta wuce minti biyu ba, an ma taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53. Babu jigilar fasinja mai jadawali da ta kai ta gajarta a duniya, kuma tun 1967 kamfanin Loganair yake yin ta.

Masu yawon buɗe ido kan shiga don nishaɗi, amma ba dominsu aka buɗe hanyar ba. Mazauna Papa Westray ba su kai 100 ba. Jirgin, ƙirar Islander mai kujerun fasinja 8, yana tasowa daga Kirkwall, babban garin yankin, ya biya ta tsibiran biyu ya koma, ɗauke da malamai, ɗalibai da ma'aikatan lafiya. Kuɗin tikiti kaɗai ba zai riƙe irin wannan hanya ba. Majalisar Orkney ce ta mallaki filayen, ita ce kuma ke ba da kwangilar jigilar tare da tallafi, bisa sharaɗin jirgi ya riƙa zuwa, kujeru sun cika ko ba su cika ba. Filayen kuwa ba abin a zo a gani ba ne: ɗan gajeren titi da ɗakin jira.

Mu a nan mun faro ne daga gini. Jigawa ta gina filin Dutse, Kebbi ta gina na Birnin Kebbi, Zamfara kuma ta ƙaddamar da aikin na Gusau a 2024. Daga Dutse zuwa Birnin Kebbi ta sama kilomita 500 ne da 'yan kai, wato abin da matsakaicin jirgi mai farfela zai ci cikin awa ɗaya da rabi. Sai dai wannan lissafin takarda ne, domin babu jirgi mai jadawali da ke haɗa su kai tsaye. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci sai ya bi ta Abuja, in ya yi sa'ar jirgi a ɓangarorin biyu, ko ya kwashe yini a mota ya ratsa Zamfara da fargabar 'yan bindiga.

Ba laifin kamfanoni ba ne. Babu mai tashi da babban jirgi rabinsa wayam. Gibin yana wajen gwamnoni, waɗanda suka fi son ginin da za a yanke masa ƙyalle a kan tallafin da ba ya fitowa a hoto. Da jihohin Arewa maso Yamma za su haɗa kuɗi su ba da kwangilar ƙaramin jirgi mai zagaya Dutse, Kano, Gusau, Sakkwato da Birnin Kebbi sau biyu ko uku a mako, da filayen sun samu aikin yi bayan jigilar alhazai da saukar manyan baƙi.