SANYIN NA'A-NA'A DA ABIN DA YAKE YI A ƘWAƘWALWA



Sanyin nan da kake ji idan ka sha shayin na'a-na'a, ko ka tsotsi Tom Tom, ko ka shafa Robb, aikin wani sinadari ne mai suna mentol. Ba fatar yake sanyayawa ba. Wata kafa yake taɓawa a jijiyoyi, TRPM8, wacce aikinta jin sanyi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an yi sanyi. A 2002 aka gano wannan kafa. Haka ma a hanci: za ka ji kamar ya buɗe, alhali toshewar tana nan.

To, aikinsa bai tsaya a fata ba. A 2003 masu bincike a Japan sun yi wa ɓeraye allurar mentol, sai suka ga ɓerayen sun ƙara kai-da-komo. Da aka ba su magungunan da ke toshe aikin dofamin, sinadarin jin daɗi da motsi a ƙwaƙwalwa, sai zirga-zirgar ta ragu. A Amurka kuma an ga mentol yana ƙara yawan kafofin da nikotin ke kamawa a ƙwaƙwalwar ɓeraye, yana ƙara musu son nikotin.

Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne, allura kuma ba kofin shayi ba ce. Sha shayinka, babu laifi. Amma maganar nan da ake yawan yi, wai ai ganye ne, ba ya cutarwa, ni dai ban yarda da ita ba. Abin da ya iya kaiwa ƙwaƙwalwa magani ne, magani kuwa da awo ake amfani da shi.

A kiyaye waɗannan:

1. Sigari ko shisha mai na'a-na'a ba ta fi sauƙi ba. Sanyin yana ɓoye zafin hayaƙin ne kawai, shi ya sa take saurin kama matasa. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan sigarin a 2020.

2. Iyaye mata, don Allah kada a shafa Robb ko mantaleta a hanci ko ƙirjin yaron da bai kai shekara 2 ba. Yana iya wahalar masa da numfashi.

3. Kada a sa a cibiyar jariri. Ga jarirai masu ƙarancin G6PD yana iya jawo shawara mai tsanani.

4. Man shafawa na fata ne. A daina jefa shi a ruwan zafi ana sha, akwai kafur a ciki.

Jikinka amana ne a hannunka. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A tura wa 'yan uwa.