Tsohuwar Mota Ba Bola Ba Ce

A ƙauyen Volo da ke jihar Ilinoi ta Amurka, arewa maso yamma da birnin Shikago, akwai wani gidan tarihin motoci da jama'a ke biyan kuɗi su shiga kallo. Babu hannun gwamnati a kafa shi. Iyalin wani gida ne da ake kira Grams suka kafa shi, kuma daga ciniki abin ya samo asali.

A shekarar 1960 iyalin suka sayi wata tsohuwar gona a Volo, suka shiga sana'ar sayar da tsofaffin kayayyaki. Samarin gidan guda biyu kuwa hankalinsu ya karkata ga tsofaffin motoci. Sai su sayi wadda ta gaji, su gyara, su sayar, su sa kuɗin su sayo wata. Da motocin suka yi yawa, masu zuwa kallo ma suka yi yawa, har wurin ya zama gidan tarihi. Yau a can ana ganin motocin Duesenberg da motocin finafinai irin ta Batman. Har gobe iyalin ne ke riƙe da wurin, kuma da yawa daga cikin motocin da ke jere na sayarwa ne.

A nan ne wasu za su ce ai wannan kasuwa ce kawai aka sa mata riga, domin gidan tarihi na gaske ba ya sayar da kayansa. Maganarsu tana da kamshin gaskiya, don motar da ka gani bana wataƙila baɗi ta tafi gidan wani. Amma mu a ganinmu cinikin ne ya raya wurin. Mota ba kamar takobi ba ce da za a rataye a bango a manta. Idan ta daɗe a ajiye taya ta tsage, batir ya mutu, tsatsa ta ci jiki. Tana buƙatar rumfa da bakanike da kayan gyara, kuma duk kuɗi ne. Wanda yake sayar da tsohuwar mota dole ya san cikinta da wajenta, ga kuma ribar da zai biya masu kula da sauran.

Mu ma muna da motocin da suka cancanci adanawa. Tun 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta yi zamani a titunanmu, ta kai amare, ta kai fasinja gari gari. Yanzu sau nawa muke ganinta? Da yawa sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, an daddatsa an sayar a kan sikeli. Alhali marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana nan a gidan tarihi na Legas, ɗalibai na zuwa suna ganin tarihi da idonsu saboda an adana ta.

Don haka muna kira ga 'yan uwanmu da ke zuwa gareji bayan an tashi daga makaranta, kada ku ji kunyar baƙin mai a hannunku, da irin wannan hannun aka fara Volo. Wanda kuma yake da tsohuwar mota a gidansu, ya ɗauki hotonta, ya tambayi Baba ko Kaka shekarar da aka saye ta da garuruwan da ta je, ya rubuta ya kawo mana. Za mu manna a wannan allo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta