Gasar Tanis Ta Kaduna Da Tsanin Da Muka Bari Ya Karye

Kwanakin baya na bi ta wata tsohuwar unguwar ma'aikata a nan Gusau tare da ƙaramin ɗana, sai ya nuna mini wasu ƙarafa biyu a tsaye a tsakiyar wani fili da ciyawa ta cinye, ya tambaye ni ko turken shanu ne. Na ce masa a'a, a jikinsu ake ɗaura raga, kuma a wannan fili ne mahaifinsa ya fara cin guminsa, lokacin da yake tsinto wa manyan ma'aikata ƙwallon tanis ana ba shi 'yan kwabbai. Yaron ya dube ni kamar mai sauraron tatsuniya. Wannan kallo nasa shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na fahimci cewa akwai wani babi na tarihinmu da ke neman shuɗewa ba tare da an rubuta shi ba, wato tarihin gasar tanis ta Kaduna, wadda aka fi sani da Kaduna Clay Court, da kuma abin da Arewa ta rasa ranar da ta daina jin ɗuriyarta.

Idan mai karatu bai manta ba, wasan tanis ya shigo ƙasar nan ne a cikin kayan Turawan mulkin mallaka. Duk inda suka kafa bariki sai sun gina kulob, duk inda kulob yake kuwa da wuya a rasa filin tanis a gefensa. Gusau ba ta kuɓuta daga wannan tsari ba. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa garin ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929, Gusau ta zama matattarar auduga da gyaɗa, kamfanoni suka buɗe rassa, ma'aikatansu suka zo da wasanninsu. Bayan samun 'yancin kai sai 'yan ƙasa suka gaji ofisoshin, suka gaji gidajen, suka kuma gaji filayen wasan. Mu 'ya'yan talakawa kuwa ta ƙofar baya muka shiga, a matsayin masu tsintar ƙwallo, kuma idan manya sun tashi sai mu sassaƙa katako mu kwaikwayi abin da muka gani.

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa, Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da ake lissafawa a harkar tanis. A Benin, zamanin Gwamna Samuel Ogbemudia, aka kafa gasar Ogbe Hard Court. A Legas kuma, cikin watan Fabrairu na 1976, aka shirya wata babbar gasa ta ƙwararru wadda Arthur Ashe, Baƙar fatar Amurka da ya ci kofin Wimbledon a 1975, ya halarta da kansa. Ana tsakiyar gasar ne aka kashe Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga watan, kuma bayan 'yan kwanaki sojoji suka shiga fili suka kori Ashe da abokin karawarsa ana cikin wasa, har sai da aka ƙarasa gasar a birnin Karakas na ƙasar Benizuwela. Duk da wannan abin kunya, 'yan wasan duniya ba su daina zuwa ba. Da aka ƙirƙiro rukunin gasannin Challenger a 1978, wato matakin da ke bin bayan manyan gasanni, inda matasa ke tara makin da zai ɗaga su a jerin gwanayen duniya, garuruwan Najeriya sun samu gurbi a cikinsa. A farkon shekarun 1980 sunan Kaduna yana cikin wannan jadawali tare da Legas da Benin, kuma a kan jar ƙasa ake buga gasar ta Kaduna, irin filin da ake buga babbar gasar Faransa a kansa.

Na taɓa ganin wannan gasa da idona sau ɗaya. Wani dattijo daga cikin waɗanda muke tsintar wa ƙwallo, Allah Ya jiƙansa, ya ɗauke ni da wani abokina a motarsa, muka bi ta Tsafe da Funtuwa da Zariya har Kaduna. A can muka ga Turawa da 'yan ƙasa suna gumurzu a fili ɗaya, ƙafafunsu sun yi jawur da ƙura, ga alƙali a kan doguwar kujera, ga yara sa'o'inmu sanye da fararen kaya suna aikin da muke yi a gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da dattijon ya yi wa abokina a hanyarmu ta dawowa. Ya ce masa, “Kai yaro, hannunka ya fi na wasu da ka gani yau. Idan ka dage, wata rana ni zan biya kuɗi in kalle ka.” Abokin nawa ya dage iyakar ƙarfinsa, amma kafin ya kai munzali dattijon ya yi ritaya, kulob ɗin ya mutu, babu wanda ya sake tambayar inda yake. Yau yana nan yana sana'arsa a kasuwa cikin rufin asiri, sai dai duk lokacin da muka haɗu, ba ma rabuwa sai maganar Kaduna ta taso.

Kada mai karatu ya ɗauka dattijon nan mafarki yake yi. Nduka Odizor da tsintar ƙwallo ya fara a wani kulob a Legas, daga nan ya samu tafiya karatu Amurka, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ya ci kofin Taipei a wannan shekarar, sannan ya kai matsayi na 52 a duniya a 1984. Lokacin da tanis ya koma cikin wasannin Olamfik a birnin Seoul a 1988, bayan rabuwa da shi tun 1924, Najeriya ta tura Odizor da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi, wanda daga baya ya yi karatu har ya zama dakta a fannin ilimi a Amurka. Waɗannan mutane sun taso ne a zamanin da yaro zai iya ganin gwanayen duniya a garinsu, ya gwada ƙarfinsa da su ba tare da ya nemi biza ko kuɗin jirgi ba. Amfanin gasa irin ta Kaduna ke nan. Tsani ce wadda matakinta na ƙasa yake a ƙananan filaye irin namu na Gusau, na samanta kuma yake taɓa Landan da Faris.

To, me ya kashe ta? A nawa nazarin, dalili na farko shi ne kuɗi. Ladan gasar Challenger a wancan zamani dala 25,000 ne mafi ƙaranci, kuma da dala ake biya. A 1980, lokacin da dala ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba, wannan bai kai Naira 14,000 ba, abin da attajiri ɗaya zai iya fitarwa bai ji a jikinsa ba. Bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 aka karya darajar Naira, sai kuɗin ya koma wajen Naira 100,000 a 1987, ya kuma haura rabin miliyan a 1993, ko da a farashin gwamnati. Ba a yi maganar masauki da ƙwallaye da alƙalan waje ba, waɗanda su ma duk da kuɗin waje ake samunsu. Sannu a hankali garuruwan Najeriya suka riƙa ficewa daga jadawalin ɗaya bayan ɗaya, kuma sunan Kaduna bai sake komawa ba.

Dalili na biyu shi ne mutuwar masana'antu. Kadunar da ta karɓi baƙin duniya gari ne na masaƙu, da kamfanin haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975, da matatar mai da aka ƙaddamar a 1980. Irin wannan gari yana da ma'aikata masu albashi da lokacin hutu, yana kuma da kamfanonin da ke neman inda za su tallata sunansu. Da masaƙar KTL ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi sahu a 2007, tamu ta Gusau ita ma ta yi shiru, ba ayyukan yi kaɗai suka tafi ba. Kulob-kulob sun rasa mambobi, filaye sun rasa masu share su, wasu ma aka yanka su aka yi shaguna.

Amma dalili na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin laifinmu ne, ba na Bankin Duniya ba. Mun bar wasan a tsare a bayan katangar kulob, muka ɗauke shi abin 'yan boko da manyan ma'aikata. Ba mu kai shi makarantun gwamnati yadda ya kamata ba, ba mu horar da malaman da za su koyar da shi ba, ba mu kafa wata gidauniya da za ta riƙe gasar idan masu riƙe da ita sun gaji ko sun rasu ba. Komai ya rataya a wuyan mutane ƙalilan masu sha'awa da kuma baƙin da ke zuwa daga waje, alhali Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin lura a nan shi ne gasar Dala Hard Court ta Kano, wadda ta dogara da 'yan wasan gida da ladan Naira, ta yi ta gudana shekara da shekaru bayan an daina jin ta Kaduna a duniya. Bugu da ƙari, ko tarihin abin ba mu adana ba. Matashin da ke son sanin waɗanda suka ci kofin Kaduna, ya fi sauƙi ya same su a kundin hukumar ƙwararrun 'yan tanis ta duniya a intanet da ya same su a wani ɗakin karatu na Arewa.

Na san wani zai ce, Malam, kana zaune a Zamfara, inda manomi a Tsafe ko Bunguɗu ke fargabar zuwa gonarsa, inda aka sha tare hanyar Gusau zuwa Funtuwa, amma ka rasa abin da za ka yi magana a kai sai tanis? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Gaskiya ne rai ya fi wasa, kuma duk Nairar da za a cire daga tsaro ko asibiti a kai filin tanis, ni ne farkon wanda zai yi tir da ita. Sai dai ina roƙon mai tambayar ya zaga unguwanninmu da la'asar ya ƙirga yaran da ke zaune a bakin titi ba su da abin yi, ba su da wani babba da ya san sunansu in ban da iyayensu. Abin da filin nan ya ba ni ba kofi ba ne. Ya koya mini zuwa a kan lokaci, da karɓar hukuncin alƙali ko da ban ji daɗinsa ba, ya kuma haɗa ni da manyan da suka tambayi sakamakon jarrabawata. Al'ummar da ta rufe duk irin waɗannan ƙofofi, kada ta yi mamaki idan wasu suka buɗe wa 'ya'yanta tasu ƙofar.

Saboda haka ba ina kira ne a dawo da gasar Kaduna da dalolinta gobe ba. Lokacin wannan zai zo idan an yi shiri, domin ga Ruwanda nan ta karɓi gasar Challenger a Kigali a 2024, Kongo ma ta yi tata a Barazabil a wannan shekarar. Kirana shi ne mu fara daga matakin tsanin na ƙasa, wanda shi ne ya fara karyewa. Filin tanis ƙafa 78 ne a tsaye, 36 a kwance, idan an haɗa da sararin gefe ya zama kamar 120 da 60. Jar ƙasa kuwa Allah Ya hore mana ita. Makarantun sakandare uku ko huɗu a Gusau, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bunguɗu, kowace da fili guda da malami guda da aka horar, sun isa a fara gasar shekara-shekara ta 'yan ƙasa da shekara 16, wadda ladanta zai zama kuɗin makaranta da littattafai. A yi wa 'yan mata nasu filin a cikin makarantunsu, da malamai mata da suturar da ta dace da tarbiyyarmu, domin Ons Jabeur, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, Musulma ce 'yar Tunisiya. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin za su iya taimakawa da horo da adana bayanai.

Nauyin wannan aiki kuwa a kanmu yake, mu likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikatan banki da muka ci moriyar wancan zamani. Kada mu jira gwamnati, domin abin da gwamna ya kafa, wani gwamnan yakan rushe. A kafa gidauniya mai amintattu da rubutaccen tsari, a sa mata wani abu na waƙafi, ko shago ne ko gida, wanda kuɗin hayarsa zai riƙa sayen ƙwallaye da raga ko bayan ranmu. A kuma nemi dattawan da suka buga ko suka yi alƙalanci a Kaduna tun suna raye, a naɗi bayanansu, a tattara hotunan da ke cikin akwatunansu kafin gara ta riga mu.

Ɗana ya sake tambayata ko zan koya masa wasan. Na yi masa alƙawari, na kuma je kasuwa na gaya wa tsohon abokina cewa akwai aiki a gabansa, tunda hannunsa ya fi nawa. Ya yi dariya ya ce gwiwoyinsa sun tsufa, amma bai ce a'a ba. Allah Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon gyara abin da muka yi sakaci da shi, amin.