Asabar Da Lahadin Baƙo

Mu da ke cikin kwalejin nan ba dukanmu ne za mu ƙare aikinmu a gida ba. Waɗansu za su ƙetare neman ƙarin ilmi, waɗansu kuwa gwamnati ce za ta aika da su koyarwa na shekara biyu, yadda ta ke aika malamai ƙasashen Afirka da na Karebiyan tun 1987. To, 'yan'uwana, ina da tambaya guda. In mutum ya sauka a ƙasar wasu, daga Litinin zuwa Jumma'a aiki ya mallake shi. Asabar da Lahadi fa, ina zai kai su?

Abin da aka saba ji wurin waɗanda suka komo shi ne, ran Asabar a yi wanki, a yi barci, da la'asar a tafi gidan wani ɗan ƙasarmu a ci tuwo, a yi ta gardamar siyasar gida har dare. Haka za a yi ta yi har wa'adi ya cika. Ni dai a ganina mutumin nan bai zauna a ƙasar ba, ɗakin haya kurum ya sake. Ya kamata ko sau ɗaya a wata ya ɗauki 'yar jakarsa ya shiga mota, ya je ya ga garuruwan da ke kusa.

Bari mu ɗauki Ghana misali, tun da ya ke mutanenmu suna da yawa a Ankara, 'yan makaranta da ma'aikata, kuma ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza ya shiga. Ka fita Ankara ka yi arewa, ka hau tudu, ba ka yi mil 30 ba sai ga Aburi. Yaran makaranta duka sun haddace sunan nan, gama can ne Gowon da Ojukwu suka zauna ran 4 da 5 ga watan Janairu 1967 don a kashe wutar rigima, wata shida bayan haka yaƙi ya tashi. Malamin da ya taka garin, ya sha sanyin tudun, in ya zo ba da labarin a aji ba zai bayar kamar mai karanta takardar haraji ba. Gaba kaɗan ga Mampong, inda Tetteh Quarshie ya dasa koko a 1879, ga kuma Akropong, inda mishan na Basel suka buɗe makarantar horon malamai tun 1848. Ashe ba abin kunya ba ne malami ya shekara biyu a gindin tudun nan bai hau ya gai da kakar makarantu irin tamu ba?

Wani makon sai a bi bakin teku a yi yamma, kamar mil 90, zuwa Cape Coast da Elmina. Turawan Fotugal suka gina ganuwar Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, daga baya ta koma hannun Ingilishi a 1872. Duk wannan yana cikin littafi, kowa ya iya karantawa a kan gadonsa. Abin da ba shi cikin littafi shi ne duhun ɗakunan ƙasa inda aka tara bayi, da ƙuncin ƙofar da a ke fid da su zuwa jirgi. A ganuwar Cape Coast ɗakin sujada yana bisa kurkukun maza sosai, watau ana waƙa a sama, mutane suna mutuwa a ƙasa. Mu da mishan suka rena, wannan abu ne da ya kamata mu tsaya a kansa da ƙafafunmu mu yi shiru, ba a ba mu labari ba.

Mai koyar da labarin ƙasa kuwa sai ya nufi Akosombo, ya ga madatsar kogin Volta da aka gama a 1965, wadda ta tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu. Ya gwada ta da tamu ta Kainji.

Na san abin da za a ce. Za a ce kuɗi aka je nema, ga iyaye da ƙanne sun zuba ido, yawo na masu hali ne. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan ba. Amma ba ina nufin yawon manya ba, na kwana a otel da hayar mota. Motar talakawa za ka shiga, wadda su ke kira torotoro, ka matsu tsakanin mai kifi da mai kwandon rogo, ka ci abin da su ke ci a tasha. Mai jin Hausa ma ya fi kowa sa'a, don da wuya ka sami babban gari babu zango. Fataken goro ne suka buɗe hanyar tun zamanin kasuwar Salaga a Gwanja, da yaƙin 1892 ya watsa garin sai suka bazu Kumasi da sauran wurare. Koko da ƙosai na nan da safe, shinkafa da wake kuma sunanta bai yi nisa da namu ba, waakye su ke cewa. Sai dai fa a lura, wanda ya tashi daga ɗakin 'yan ƙasarsa a Ankara ya sauka zangon Kumasi bai leƙa kasuwar Kejetia ba, bai gaisa da Ba'asante ko ɗaya ba, kuɗin mota kurum ya ɓatar. Haka nan wanda ya je don ya tsaya gaban ganuwa a ɗauke shi hoto ya aika gida.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita, mutanenmu da yawa suka komo ba su da kome. A 1983 mu kuma muka kori 'yan Ghana wajen miliyan guda, har jakar da suka ɗure kayansu ta sami suna. Ban ce yawon Asabar zai hana gwamnati yin doka ba. Amma baƙon da ya iya gaisuwa da harshen masu gida, ya ke jin hirar mota da ta kasuwa, shi ya kan riga sanin inda iska ta nufa, shi ne kuma ya ke da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a wani gari ran da abu ya ɓaci. Na ɗakin haya kuwa a rediyo zai ji, tare da mu da ke gida.