Shekara 17 A Kan Kujera, Shekara 10 Ba Zaman Majalisa

Ba mu da ja a kan jaruntakar Zhu De. Ɗan talakawan manoma ne daga lardin Sichuan na ƙasar Sin, an haife shi a 1886. Ya riga ya zama babban hafsan soja, amma ya bar daula ya tafi Jamus a 1922, can ya shiga jam'iyyar Kwaminis. A 1928 ya haɗa dakarunsa da na Mao, ya zama kwamandan rundunar da ta ci ƙasar a 1949. Wannan duk an sani.

Abin da ya dame mu shi ne kujerar da aka ba shi daga baya. Tun daga Afrilu 1959 har ranar 6 ga Yuli 1976 da ya mutu, shi ne shugaban zaunannen kwamitin Majalisar Wakilan Jama'ar Sin. Ba wanda ya kai shi daɗewa. Tsarin mulkin 1954 ya ce majalisar ta riƙa zama kowace shekara. To, wakilai 3,040 sun tashi daga zama a Janairu 1965, ba a sake kiran majalisa ba sai a Janairu 1975.

A tsakanin nan ne aka tuɓe shugaban ƙasa Liu Shaoqi a 1968. Bisa doka majalisa ce ke da ikon tuɓe shi, amma jam'iyya ce ta yi, ba a ko nemi shawarar majalisar ba. Ya mutu a tsare a 1969.

Masu kare Zhu De za su ce shi ma da ƙyar ya sha. Gaskiya ne. Samarin juyin al'adu sun zage shi a 1967, aka kuma kawar da shi zuwa Guangdong a 1969, yana da shekara fiye da 80. A taron Lushan na 1959 ma, da ya sassauta harshe kan abokinsa Peng Dehuai, Mao ya gwale shi a gaban jama'a. Muna tausaya masa.

Amma mu da muke shirin riƙe ofisoshi, ba za mu yarda tausayi ya rufe mana ido ba. Zamansa a kujerar ya zama mayafi: duniya na ganin dattijo mai lambar girma, sai ta ɗauka majalisa tana nan da rai. Da aka kira ta a 1975, kwana 5 ta yi a ɓoye, sai bayan an tashi aka sanar da mutane. Cikin abubuwan da ta zartar har da sake zaɓen Zhu De.