Mun San Tafkin Argyle, Ba Mu San Abin da Bakolori Ya Haɗiye Ba

Wani bidiyo ya yi kwana uku yana yawo a zauren WhatsApp ɗinmu na waɗanda suka karanta kimiyyar kwamfuta tare. Matafiyi ne ya shiga yankin Arnhem da ke can ƙuryar arewacin Ostireliya, inda sai da takardar izini baƙo yake shiga. Ya zauna a ƙasa gaban wata tsohuwa 'yar ƙabilar Yolngu, tana nuna masa yadda ake tsage ganyen da suke saƙa da shi, yana kuskurewa tana yi masa dariya. Sai yabo ya ɓarke a zauren. Wannan ya ce ga mutanen da suka san darajar al'ada, wancan ya ce da zai samu biza da can zai fara zuwa. Mu huɗu a zauren 'yan Talata Mafara da Bakura da Maradun ne, kuma da mu aka yi ta yabon. Can sai wani daga cikinmu ya jefo tambaya: wa zai iya kawo sunan ƙauye ɗaya tak da ke kwance a ƙarƙashin ruwan Bakolori? Zauren ya yi tsit. Bayan awa biyu wani ya turo hoton barkwanci, aka wuce wurin.

Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami, kuma da kanmu muke faɗan: mu 'yan boko masu babbar waya, 'yan shekara talatin da ɗoriya, da muke iya kwana muna kallon tsofaffin wata nahiya amma idan kakanmu ya fara ba da labari sai mu duba agogo.

An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Ruwan da aka tare ya tashi mutane kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu a ƙasar Maradun, aka kai su kan tudun da ba ya ba da abin da fadama take bayarwa. A filayen da aka ware don noman rani, wajen Mafara da Bakura, motocin share ƙasa suka bi gonaki suka baje su, manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba. Mutanen da ke ƙasa da madatsar su ma ba su tsira ba. Ambaliyar da take shayar da fadamarsu kowace shekara ta ragu da kusan rabi, shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Da manoma suka gaji da jiran diyya suka tare hanyoyin aikin, sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa. Abin da ya faru a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye kisan gilla ne. Gwamnati ta faɗi adadin da bai kai talatin ba, wasu masu bincike suka ce ya haura 380.

Dukanmu bayan wannan aka haife mu. Ba a koya mana shi a firamare ba, ba a koya mana a sakandare ba, kuma akwai cikinmu wanda ya fara jin labarin daga rubutun wani Bature a intanet alhali kawunsa yana wurin ranar da abin ya faru. Kawun yana nan da ransa. Ba a taɓa tambayarsa ba ne.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata mai rubuta manhaja ya gane fiye da kowa. Kafin zuwan motocin nan, iyakar gona ba a takarda take ba. Tana jikin ɗorawar da ke kusurwa, da surin da ke gefen hanya, da layin gamba da kakan wane ya dasa, da kuma kan dattawan da suka san wa ya gaji wa, wa ya yi aro, wa ya ba da jingina. Ma'ajiyar bayanai ce cikakkiya, an rarraba ta a kawuna da yawa yadda idan ɗaya ya manta wani zai tuna, abin da mu a wurin aiki muke karɓar albashi don mu gina irinsa. Motocin suka tuge itatuwan, suka baje surin, wato suka goge alamomin da ake gane kowane bayani da su. Da aka zo mayar wa mutane filaye sai rigima ta tashi a kan wa ke da ina, aka kuma ce manoma ne ba su da tsari. Duk wanda ya taɓa goge bayanan kamfani ba tare da ya ajiye kwafi ba ya san korarsa za a yi. Waɗannan an biya su kuɗin kwangila.

To ga inda Ostireliya ta shigo da gaske. A yankin Kimberley, a shekarun da ake shirin Bakolori, an gama babbar madatsa a kan kogin Ord, aka buɗe ta a 1972, ta haifar da tafkin Argyle. Ƙasar mutanen Miriwoong ce ruwan ya ci, da kaburburansu da wuraren da suke girmamawa, kuma ba wanda ya shawarce su. Amma gidan dutsen iyalin Durack, Turawa makiyaya da suka mamaye wurin, an kwance shi dutse bayan dutse aka sake gina shi a kan tudu, yau gidan tarihi ne da 'yan yawon buɗe ido suke ziyarta. Sai a 2005, bayan doguwar shari'a, gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da Miriwoong da Gajerrong wadda ta ƙunshi diyya ta kusan dala miliyan 57 ta ƙasar.

Saboda haka masu cewa Turawa sun san darajar al'ada su sake tunani. Takardar izinin da matafiyin nan ya nema kafin ya shiga Arnhem ba kyautar gwamnati ba ce. A 1963 mutanen Yirrkala suka aika wa majalisar ƙasar koke a kan ɓawon itace saboda an ba kamfanin haƙar ma'adinai ƙasarsu. A 1966 Vincent Lingiari ya jagoranci mutanen Gurindji suka bar aiki a gandun shanu na Wave Hill, suka yi shekaru suna zaune a kan bakansu. Daga irin waɗannan ne dokar mallakar ƙasa ta 1976 ta fito. Tsohuwar da ke cikin bidiyon tana da ikon ta yi wa baƙo dariya ne saboda iyayenta sun yi faɗa, 'ya'yanta kuma sun riƙe labarin faɗan. Ba aljanna suke ciki ba. Masu jin yaren Miriwoong sosai 'yan kaɗan ne suka rage, kuma a 2023 yawancin masu jefa ƙuri'a a ƙasar sun ƙi amincewa a ba 'yan asalin ƙasar wata murya ta musamman a tsarin mulki. Bambancinmu da su ɗaya ne da ya dame mu: su sun san sunayen abin da ruwa ya cinye musu.

Mun san amsar da za a ba mu, don mu ma mun sha fakewa da ita: hanya ba lafiya. Gaskiya ne. Jangebe a ƙasar Mafara take, inda aka kwashe 'yan mata 279 daga makaranta a watan Fabrairu 2021. A watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, a farkon Satumba aka shiga makarantar Kaya a Maradun, har gwamnati ta rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Ba mu ce wani ya ɗauki jaka ya shiga daji don neman tatsuniya ba. Amma mu ji tsoron Allah. Kafin 'yan bindiga su fito, sau nawa muka je? A shekarun da mutum zai taso daga Gusau da dare ya sauka Mafara lafiya lau, mu muna ina? Muna Zariya da Kano muna gyara bakinmu, muna koyon cewa "tafi" don kada a ji mun ce "tahi" a kira mu 'yan ƙauye. Kuma rashin tsaron da kansa ya kawo mana dattawan har ƙofa. Da yawansu sun bar ƙauyukansu, suna zaune a ɗakunan 'yan'uwa a cikin garin Mafara da Gusau da Sakkwato, wasu a gidajenmu ma. Mutumin da ya san kowace kwana ta gulbi daga Maradun zuwa Bakura yana zaune a zaure ba abin yi, mu kuma muna wuce shi da "ina wuni, Baba" idonmu a kan waya.

Maganar baki da muka taɓo ba ƙaramar magana ba ce a sana'armu. Duk wanda ya gwada rubuta Zamfarci a waya ya ga yadda take ja masa layi a ƙarƙashin kalma, ko ta canza masa ita zuwa Hausar Kano. Ba wayar ce ta yanke wannan hukuncin ba. Mutane ne irinmu suka tara kalmomin da aka ciyar da ita, kuma ba su ga dalilin saka "wanga" da "shina" ba. Abin takaicin shi ne wannan bakin da muke jin kunya shi ne Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da duniya ta sani da Maradun, ya yi waƙa da shi, shi ne kuma bakin Sa'idu Faru. Mukan sa waƙoƙinsu a mota mu kaɗa kai, amma a tsayar da mu a tambaye mu ma'anar baiti uku a jere sai mu fara kame-kame. Mun gaji sautin, ma'anar kuma tana hannun tsofaffin da ba ma zama da su.

Akwai kuma masu ɗaga gira da zarar an ce al'adun gargajiya, su ce za a dawo da bori da tsafi. Sanin da Basarke yake da shi na lokacin da kifi ke hawa gulbi, ko sanin manomin fadama na wace shinkafa ce ke jure zurfin ruwa, ba shi da haɗi da wannan. Ilmi ne da aka tara da ido da asara, shekara da shekaru, kuma rashin tambayarsa yana cikin abin da ya sa lissafin injiniyoyin Bakolori ya sha bamban da abin da ya faru a ƙasa.

Sai dai akwai wani nau'in zuwa da muke tsoro fiye da rashin zuwa, kuma a cikin 'yan sana'armu yake. Shi ne na wanda zai sauka da na'urar ɗaukar murya, ya tara tsofaffi, ya raba musu dubu bibbiyu, ya kwashe awa hamsin na maganarsu, ya koma Abuja ya rubuta rahoto ko ya sayar wa masu horar da na'ura, su kuma ba za su sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗaya daga cikinmu ya taɓa yin irin wannan aiki wa wata ƙungiya, kuma har yau bai san inda muryoyin suka ƙare ba. Wannan da abin da aka yi wa gonakin duk kanwar ja ce: a zo daga nesa, a ɗauki abin da ake so, a bar mai abu da takardar da bai iya karantawa ba.

A nan ma akwai abin dubawa a arewacin Ostireliya, kuma ya fi bidiyon saƙa amfani a gare mu. A 2007 mutanen Warumungu na garin Tennant Creek suka haɗa kai da masu bincike aka gina wata manhajar adana hotuna da muryoyi mai suna Mukurtu. Abin da ya bambanta ta shi ne al'ummar ce take tsara wa zai ga me. Akwai abin da mata kaɗai za su buɗe, akwai na dangi kaza, akwai hoton mamaci da za a rufe har sai iyalinsa sun yarda. Manhajar kyauta ce, kowa na iya ɗauka ya gyara. Mu da muke taƙama da iya rubuta manhaja, mun gina wa bankuna, mun gina wa masu sayar da kati, mun gina wa 'yan siyasa shafin kamfe. Babu ɗayanmu da ya zauna ya yi taswirar da za a taɓa shuɗin tabon nan na Bakolori a waya ta nuna sunayen garuruwan da ke ƙasansa, da unguwanninsu, da inda maƙabartunsu suke. Aikin bai fi ƙarfin mutum biyu a hutun ƙarshen mako ba. Abin da ya gagare mu shi ne zaman tabarmar da za a samo sunayen.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Wanda yake da shekara ashirin ranar Birnin Tudu yau ya haura sittin. Wanda ya yi noma a tsohuwar fadamar Maradun yana magidanci kafin ruwa ya rufe ta ya doshi tamanin ko ya wuce. An kashe kuɗin Bankin Duniya a 'yan shekarun nan an gyara hanyoyin ruwan Bakolori, kuma madalla da hakan, amma siminti ana iya sake zuba shi a kowace shekara.

Bayan shirun zauren nan, ɗayanmu ya kira kawun nasa. Ya ce, "Kawu, so nake ka ba ni labarin dam." Tsohon ya yi jim, ya tambaye shi ko aikin makaranta ne aka ba shi. Da ya ji ba haka ba ne sai ya ce ya zo da kansa, wannan ba maganar waya ba ce. Ya je. Sun yi yini biyu a zaure. Kawun ya yarda a ɗauki muryarsa, amma ya gindaya sharaɗi: akwai sunayen mutum uku da ya ambata waɗanda ba ya so su fita, domin 'ya'yansu suna raye kuma ba su san yadda iyayensu suka mutu ba. Muryar tana nan a kwamfutar abokinmu, awa biyar da 'yan mintoci, kuma manhajojin da muka iya ginawa babu wadda aka tanadar wa wurin ajiye irin wannan sharaɗin.